Majigin Da Bai Shiga Gida Ba

Har gobe ba zan manta da ranar da aka ba mu zaɓi tsakanin talabijin da majigi ba. Farkon shekarun casa'in ne, ba a daɗe da ƙirƙiro Jigawa ba. Lokacin ni jami'ar wayar da kai ce a sashen lafiya na wata ƙaramar hukuma a ƙasar Haɗeja, aikina bin ƙauyuka ina bayanin cututtuka. Ku yaran yanzu ba ku san kurkunu ba, mu kuwa shi ya hana mu sakat. Tsutsa ce da ake sha a ruwan kududdufi, bayan shekara ta huda ƙafa ta fito, ta kwantar da mutum daidai lokacin noma.

Rigakafin bai wuce a tace ruwa ba. Mun raba ƙyallen tacewa gida-gida, mata suka mai da shi matacin koko. A wani ƙauyen fadama ta wajen Guri akwai Hajara, mace mai baki, wadda matan unguwar ba sa tsallake maganarta. Ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta miƙo mini, ta ce in nuna mata tsutsar. Na yi mata alkawarin zan kawo mata fim har tsakar gida, wanda ke nuna 'yan ƙwarin ruwa masu ɗauke da cutar, waɗanda ido ba ya gani.

Kuɗin da aka ware abu ɗaya za su iya saya. Ƙa'ida ita ce mai aiki da kaya ya faɗi bukatarsa, shugaban sashe ya amince. Na nemi ƙaramar talabijin da bidiyo, mai aiki da batirin mota. Na ce in ruwa ya cika sai da kwalekwale ake shiga ƙauyukan, ita kuwa a cinya zan riƙe ta. Na ce matan nan a kulle suke, ba sa fita dandali, kuma su ke zuba ruwa a randa. Abin da zai wuce ta ƙofar zaure nake so.

Shugabanmu ya saurare ni yana kaɗa makullin mota. Ya ce, "Sista Hannatu, ciyaman da kansa zai zo ƙaddamarwa. Wannan 'yar akwati zan ɗora masa a tebur?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ciyaman ba shi da kurkunu."

Wannan magana ce ta sa aka tafi Kano sayayya ba da ni ba. Aka dawo da wani tsohon majigi na hannu, da janareta mai nauyin buhun shinkafa biyu. An yi ƙaddamarwa kam, an tafa, an sha lemo.

Mai kwalekwale yana ganin janaretan ya rantse ba zai hau masa jirgi ba. Haka muka zauna har ruwa ya janye, sannan muka shiga da mota. Bayan magariba aka kafa farin ƙyalle a dandali, maza da yara suka cika wurin maƙil. Ƙarar janareta ta danne bayanin da ke cikin fim ɗin, ni ma na yi ta ɗaga murya har ta dishe. Da ƙwarin suka fito a jikin ƙyalle, ƙatti-ƙatti suna wutsil-wutsil, sai wuri ya kaure da dariya. Mata suna bayan katanga, ƙara kawai suka ji.

Da safe na shiga wurin Hajara. Ko tabarma ba ta shimfiɗa mini ba. Ta ce, "Malam ya ba mu labari. Ya ce kowane dodo ya kai akuya. Mu ruwanmu ba irin wannan, Sista, da mun gani."

Na yi bayani har na gaji, amma maganar miji da ya gani da idonsa ta riga tawa shiga. Na roƙi shugabanmu a ara mana talabijin ko ta mako ɗaya ce. Ya ce ai jama'a sun fito sosai, aiki ya yi kyau.

Shekara ta zagayo, na iske Hajara kwance, tsutsa ta fito mata a gwiwa, ana naɗe ta a tsinke. Ciwon ya rure, gwiwar ta ƙage. Har na bar wurin da sanda take tafiya, kuma ba ta ƙara amsa gaisuwata ba. Abin yana ci mini rai har yau.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan sau da yawa don idon manya ake sayen kaya, marar lafiya kuwa ba a tambayarsa. In an ce ku zaɓa, ku kafe. Shi shugabanmu ƙarin girma ya samu a shekarar.