Ranar da Na Cinye Kifin Kakana

Jiya matar jikana ta jefa tarwaɗa a mai, ƙaurin ya biyo zaure ya same ni kan buzu, sai ga ni ina haɗiyar yawu kamar kyanwa. Ni ba malami ba ne, allona ya fi sanin bayana fiye da idona, amma hanci bai taɓa yi mini ƙarya ba. Nan take ya mayar da ni wata rumfa a bakin kogin Haɗeja, tun Nasara bai zo ƙasar nan ba.

Rumfar wata tsohuwa ce Babarbariya, kowa Iya yake ce mata. Zana uku ce da murhu da kasko, a daidai inda masunta ke fitowa da gorunansu in ruwa ya fara ja da baya, fadama tana warin laka da ɗanyar ciyawa. Tana soya ƙarfasa, tana dafa tarwaɗa da daddawa da barkono da 'yar tsamiya. Romon nan in ka kurɓa sai kunnenka ya buɗe.

Kakana kuwa Bafillace ne na gaske, wanda a wurinsa cin kifi abin kunya ne. Shekarar da ciwo ya share shanu, garkensa ya kwanta cikin kwana kaɗan, aka bar shi da sanda da malfa. Muka dawo gari muna cin abin da ya samu. Tsoho ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sai ya tsiro da wata dabara: ya ja hannuna zuwa rumfar Iya, ya ce yaron nan ne ke kukan kifi. Ita kuma ta zuba akushi guda, ta ajiye mana a bayan zana, ta juya baya. Shi ya ci kai da tsakiya, ni in ci wutsiya. A hanya ya goge bakinsa da ganye, ya ce, “Abokina, me muka gani?” In ce, “Ruwa.”

Ran nan muka tarar rumfa cike, an yi su, kifi ya samu. Har bayan zanar akwai mutane. Cikinsu ga wani dattijo, abokin kiwon kakana tun suna samari, zaune can gefe yana kallon kogi kamar kwalekwale yake jira. Kakana ya yi turus. Iya ta dire akushi a gabanmu, ga kan tarwaɗa ya yi fam a sama. Ya ɗaga murya don kowa ya ji: “Na yaro ne. Ni Allah ya sawwaƙe.”

To, ka ji inda shaiɗan ya hau kaina. Na san tun jiya bai sa komai a cikinsa ba sai ruwan kanwa. Amma na ce ai da bakinsa ya faɗa. Na ja akushi, na fara da kan, ina tsotsa ina lumshe ido, har ina cewa, “Kaka, ashe kai ya fi wutsiya daɗi.” Bai dube ni ba. Maƙogwaronsa kawai nake gani yana hawa yana sauka. Na suɗe akushi tas.

Iya tana kallo. Ka san Barebari da Fulani abokan wasa ne, ba a fushi tsakaninsu. Sai ta taso ta fizge sandarsa, ta ce, “Kai bawana, ka shigo rumfata ka raina tukunyata? Wallahi sandar nan ba ta komawa hannunka sai ka ci. Kai ma mai kallon ruwa, taso, na kama bayi biyu yau.”

Masunta suka kwashe da dariya. Ta sake dire wani akushin, har da soyayyar ƙarfasa a kai. Kakana yana cewa, “Wannan zalunci ne, jama'a ku shaida tilas aka yi mini,” hannunsa kuwa tuni yana cikin romo. Abokin nasa ya matso yana tsaki, ya ɗauki ƙarfasa, ya zare ƙayarta gaba ɗaya da yatsa biyu, cak, irin zarar da ko ɗan masunci sai ya shekara yana koyo. Kakana ya tsaya ya dubi yatsun nan. Ya ce, “Kai kuma yaushe?” Abokin ya ce, “Tun kafin kai.” Tsofaffin nan biyu suka yi ta dariya har hawaye, ban san na barkono ba ne ko na shanu.

A hanyar gida bai tambaye ni me muka gani ba, bai kuma yi mini faɗa ba. Damina biyu ya ƙara a duniya.

Yanzu jikokin Fulani a tsakiyar kasuwa suke cin kifi, ba mai neman zana. Kogin ma ya sauya hanya, inda rumfar take gero ake shukawa. Ni kuma haƙora sun tafi sun bar ni, sai a bare mini tsoka a sa mini a hannu kamar ɗan yaye. Na yi ƙarya a rayuwata ta fi gashin kaina, ta ciniki da ta zance. Guda ɗaya ce ta kamace ni ban yi ba: in tsakuri wutsiya, in tura masa akushin nan, in ce, “Kaka, na ƙoshi, taimake ni kada Iya ta yi faɗa.”