Kunnuwan Tsohuwar Jita

Mai gyara bai san dattijon ba. Dogo ne, yatsun hagunsa duk kanta, da gani kiɗa ya cinye ƙuruciyarsa. Yana rungume da tsohuwar jitar lantarki, kunnuwan da ke ɗaure tsirkiya sun daina riƙewa.

"Sa sababbi, ɗana, amma ka ba ni tsofaffin. Tare muka tsufa."

Mai gyara ya kwance ɗaya, sai ga tsohon ramin noti a gefe.

"Baba, ai waɗannan ba na asali ba ne. An taɓa cire na asalin masu tsada, aka musanya su da waɗannan."

Dattijon yana shafa ramin, ya kasa ɗagowa.

"Aminina kaɗai na taɓa bar wa ajiyarta. Shekara ashirin ina yabon amanarsa."

Ya ture kunnen gefe.

"Zubar da su."