Ranar da Inna Ta Faɗi a Banɗakin Otal

Ni fa ban yi boko mai zurfi ba, rabin abin da na sani a waya na koya. Amma wannan labarin ya tsaya mini a wuya, sai na faɗe shi.

Shekara guda na yi ina gyaran ɗakuna a wani otal da ke bakin hanya kusa da Boɗinga. Kullum da sassafe nake shigo mota daga Shagari. Mu shida ne, duk mata, kuma ba otal ɗin ne ya ɗauke mu ba. Wani ɗan kwangila ne daga Sakkwato ya kawo mu, shi muke ce wa Oga. Ma'aikatan otal su ci abinci a kicin, mu kuwa a bayan tankin ruwa.

Babbarmu wata dattijuwa ce 'yar Lambara, Inna muke ce mata. Jikoki uku take riƙe da su, da wannan aikin take ciyar da su. Ita ta koya mini shimfiɗa zanen gado. Ranar farko ta dubi nawa ta riƙe baki.

"Ke ɗiyata, gyara na wanga, ko kaji sunka yi birgima bisa?"

To, ga yadda ake aikin. Oga yakan sayo maganin wanke banɗaki a manyan jarkoki, ya kulle a sito, ya ɗura mana a gorunan ruwan da baƙi suka sha suka yar. Ba takarda a jiki, ba rubutu. Ɗaya fari, ɗaya shuɗi, iyakar saninmu ke nan. Safar hannu? Takunkumi? Ko a mafarki. Kuma shi da bakinsa ya ce in datti ya kafe a haɗa biyun, wai ya fi ci.

Wata Asabar 'yan biki suka tashi suka bar ɗakuna kaca-kaca, manaja kuma ya ce kafin azahar yake son komai tsaf, 'yan taro suna hanya. Ina ɗakin da ke kusa da na Inna sai na ji bokiti ya kife. Na ruga. Banɗakin nan ba taga. Tun daga ƙofa wani wari ya shaƙe ni kamar an zuba mini barkono a maƙoshi. Ga Inna a ƙasa, ta dafe ƙirji, ido na zuba, tana buɗe baki iska ta ƙi shiga. Na jawo ta waje na yi wajen manaja a guje.

"Ranka ya daɗe, Inna ta faɗi, ba ta numfashi sosai! A taimaka mana da mota."

"Ba ma'aikaciyarmu ba ce. Ki kira oganku." Har ya juya, sai ya ƙara, "Kuma ku ɗauke ta daga baranda, baƙi sun kusa."

Na kira Oga. Ya ce, "A gidana ta faɗi ko a otal? Su kai ta mana."

A kan kabu-kabu na kai ta asibiti, na sa ta tsakanina da mai mashin ina rungume da ita. Malamar asibiti ta tambaye ni me ta shaƙa. Na ce fari da shuɗi. Ta dube ni, na dube ta. Wallahi har yau in na tuna amsar nan sai in ji jikina ya ɗau zafi. Wata takwas ina tsoma hannu cikin abin da ko sunansa ban sani ba!

Washegari na tarar da sito a buɗe. Na ɗauki hoton takardar da ke jikin jarkar, waya ta fassara mini. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: kada a haɗa da wani magani, yana fitar da iska mai guba. Na ci gaba da tonawa, na karanta cewa in mutum ya ji ciwo a bakin aiki, wanda ya ɗauke shi yana da alhaki a wuyansa, doka ce ba alfarma ba. Kai! Na tari Oga da wayar a hannu.

"Oga, kai ka ce mu haɗa. Ga abin da aka rubuta."

"Iye! Jama'a ku matsa, lauya ta iso! Ke, tsufa ne ya kama ta. Ki wuce ki ɗauki tsintsiyarki."

Niyyata in kai maganar ofishin ƙwadago a Sakkwato. Da na je duba Inna a Lambara na gaya mata, sai ta kama hannuna, muryarta a dishe.

"Ɗiyata, don girman Allah ki bari. Ni dai aikina nika so. In kin tada magana sunka kore ni, mi za ni ba yaran ga?"

Na bari. Saboda ita na haɗiye.

Kwana tara ta dawo, ta wanke yunifom ta goge. A bakin get muka haɗu. Mai gadi ya kasa haɗa ido da ita.

"Inna, ki yi haƙuri. An ce kada in bar ki ki shiga."

Ashe tun kwana na uku Oga ya rubuta sunan wata a gurbinta, mu muna zaton ta wucin gadi ce. Na kira shi na sa a sifika. Ya ce mai tari ba ta gyara ɗakin baƙo, ya kashe. Na leƙa wajen manaja, ya ce tsakaninmu ne da ɗan kwangila.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana tari har ya lafa, sannan na raka ta bakin titi muka tsayar da mota. Ina ta zage-zage, ina cewa yau ɗin nan sai Sakkwato. Ta sa ƙafa ɗaya a mota ta waigo.

"Koma ciki. An fara rabon ɗakuna, kada ke ma su sallame ki."

Motar ta tashi. Ni kuwa na koma ciki. Ɗaki goma sha ɗaya na gyara ranar, haƙorana a cije.