Yadda na taya mahaifiyata cin jarrabawar ido

Shekarun baya, zamanin mulkin soja da ake ce wa kowa kamarad, ina sabuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, a Malanville, ina ji da Faransancina kamar ni na ƙirƙiro shi. Mahaifiyata albasa take sayarwa a babbar kasuwa. A lokacin ta fara bangazar mutane, kuma sai mai saye ya tsaya a gefenta yana sallama ba ta gan shi ba.

Da likitan ido ya zo daga Parakou, na kai ta, ni ce tafinta. A bakin ƙofa ta riƙe mini zane ta ce, "Ɗiyata, kak ki bari in sha kumya gaban baƙo."

Awon ba wuya. Ta rufe ido ɗaya, ta kafa ɗayan a hancin likita, shi kuma ya riƙa kawo yatsa daga gefe a hankali. Da ta hango sai ta ce ta gani. Yatsan ya taho har kusa da kumatunta, Inna shiru. Ni da na saba da jarrabawa, gani na yi uwata za ta faɗi. Sai na sa ƙafa ta ƙarƙashin benci na taɓa tata. Nan take ta ce, "Na gani!" Haka muka yi dama da hagu, har likitan ya yaba idonta. Na fito ina jin kaina gwana.

Bayan shekara uku, sai an riƙe mata hannu take tsallaka titi. Na kai ta Parakou. Wani likitan ya ce hawan jinin ido ne, daga gefe yake fara cin gani, shi ya sa ake awon yatsa. Da an gano da wuri, maganin ɗigawa zai tsare abin da ya rage.

Inna ta juyo wajen muryata. "Mi yac ce?"

Na ce, "Ya ce ƙaddara ta, Inna."

Yanzu in na raka wani asibiti, daga bakin ƙofa nake tsayawa, don na san halina. Kunyar ba ta sake ni ba. Har Inna ta rasu tana faɗa wa maƙwabta cewa duk cikin 'ya'yanta ni ce na fi wahala da idonta, ni kuma ina zaune ina amsa albarka.