Malamar da Ta Bar Ɗango Ɗaya a Karye

Tun kafin a kaɗa ƙararrawa Malama take shiga ajin ƙarshen baranda, ta goge allo da tsohon ɗankwali, ta rubuta baiti ɗaya tak. Ba ta yarda a taɓa ma'ana sai an rera. A rera, ta karkata kai, ta ce, "A sake." Shi ya sa ɗalibai suka laƙaba mata Malama A-Sake, kuma ta sani sarai. Daga nan sai ta feɗe baitin gaɓa-gaɓa, doguwa nan, gajera can, har mai gyangyaɗi a bencin baya ya ji inda kari ya yi tuntuɓe, da inda aka cusa amsa-amo da ƙarfin tsiya.

Mai sharar makarantar har gobe tana ba da labarin ranar da ta kawo wa Malama waƙar da ta yi wa marigayi mijinta. Malama ta gyara nan, ta daidaita can, ta bar ɗango ɗaya a karye.

"Malama, wannan fa? Ai ɗingishi yake."

"Nan ne kuka ya ci ƙarfinki, Yaya. In na miƙe shi, na yi wa mamacin ƙarya."

Ke ce mai awon waƙa da tausayi, Malama. A wajenki muka san cewa bayan an gama ƙirga gaɓoɓi, akwai sauran tambaya: wane hali mai waƙar yake ciki?

Abin takaici, ba mu lura kunnen Malama ya fara daina ji ba. Ta koma kafa wa bakin mai rerawa ido, muka ce tsananinta ne ya ƙaru. Da ta ga doguwar gaɓa da gajera sun zama ɗaya a kunnenta, ba wanda ya ce ta tafi. Ita ta ajiye alli da kanta.

Ranar sallama, tsofaffin ɗalibanta suka rera waƙar yabon da suka yi shekaru suna cewa za su yi mata. Ta yi murmushi, ta tafa tare da kowa, sannan ta jawo hannun 'yarta.

"Karin ya zauna kuwa?"

"Ya zauna, Umma."

"To, madalla. Na dai ga bakinsu yana tafiya tare."

Mun gode, Malama, Allah ya saka da alheri. Masu riƙe da alli, ku yi koyi da ita. Wanda kuma yake da malami irinta, ya tashi ya je ya yaba masa yau ɗin nan. Mu namu yabon ya iso, amma ba ta ji ko kalma ɗaya ba.