Ƙaramar Taraktar Yayana

Mu biyu ne maza a ɗakinmu, ni da yayana, kuma ya girme ni sosai don akwai mata a tsakaninmu. Shi ya zauna gida a Wagini ya riƙe gonakin mahaifinmu. Ni kuwa na tafi Katsina na koyi kanikanci, daga baya na dawo Safana na kafa ɗan gareji a gindin wata bishiyar bedi. Har na yi aure na haihu bai daina ce mini Auta ba.

Babban farin nan da aka yi ya kashe masa shanun huɗa. Ɗayan a gabansa ya durƙusa, bai sake tashi ba. Yaya bai ƙara son maganar shanu ba tun daga ranar. Da damina ta dawo daidai, kuɗin fetur kuma suka fara shigowa ƙauyuka, mutane suka shiga sayen babur da rediyo da kwanon rufi. Shi sai ya haɗa wakensa da tumakinsa ya sayar, ya sayi wata ƙaramar tarakta ta hannu a wurin wani ɗan kwangila. Ya aiko mini da saƙo ta bakin wani mai babur, wai in zo in ga sabon bijiminsa wanda ba ya cin harawa.

Ja ce, fentinta ya koɗe, amma injinta lafiya lau. Ta zo da garma, kuma tana da hannaye biyu a baya masu ɗaga garmar su sauke ta. Bayan shekara ya samo mata tirela, irin mai jek a ƙarƙashi wadda ke ɗagawa ta zubar da kaya kamar tifa. Da ita yake so ya riƙa kwaso taki daga rugar Fulanin da ke wajen Darini, maimakon jakuna da mangala. Sai dai taraktar ba ta da wurin da za a jona tiyon mai a bayanta, saboda haka jek ɗin yana nan kamar babu. Idan ya kai taki gona sai ya hau da shebur ya sauke da hannu, a cikin zafin bazara.

"Auta," ya ce mini, "mi amfanin ƙane bakanike in zan riƙa kwasar kashin shanu da shebur?"

Na ce, "Yaya, ba ni lokaci in je Kano in dawo."

A Kano na samo bawul mai raba hanyar mai, da bututun ƙarfe, da tiyo mai waya a ciki, da bakin joni inda ake jona tiyon. Na rufe gareji na taho gida, muka ja taraktar zuwa inuwar tsamiyar ƙofar gidanmu. Na yi masa bayani yadda zai gane. Akwai famfo a cikin cikinta, shi ke tura mai da ƙarfi ya ɗaga garma. Aikinmu shi ne mu buɗe wa man nan wata hanya ta biyu, ya bi bututu ya fita ta baya, ya shiga tiyo ya je ya tura jek ɗin tirela.

Na cire kujerar direba, na kwance wani ɗan murfi da ke ƙarƙashinta, na ɗora bawul ɗin a gurbinsa. Yaya ya tsuguna kusa da ni yana riƙe da kwanon da nake jefa notina a ciki. Na gaya masa yashi shi ne babban abokin gabar wannan aiki, ƙwaya ɗaya tana iya lalata famfo. Sai ya shiga gida ya yago tsohon rawaninsa, ya bi bakin kowane bututu ya ɗaure shi kamar bakin tulu. Ya hana a yi shara a ƙofar gida har mu gama.

Lanƙwasa bututun ne ya ba mu wahala. Dole ya bi ta gefen akwatin giya, ya kauce wa hannun garma, ya fito ta baya ba tare da ya taɓa wani abu mai motsi ba. A jikin gindin tsamiyar muka riƙa tanƙwara shi a hankali, shi yana riƙe da gefe ɗaya ni ina danna ɗaya, mu gwada mu sake dawowa. Maƙerin garinmu ya ƙera mana ɗan ƙarfen da muka kafe bakin jonin a kai. Matar yaya ta aiko mana da fura, muka sha da hannuwa duk mai.

Gwajin farko abin dariya ya zama. Na juya bakin bawul ɗin ba daidai ba, yaya ya ja liba, wato sandar bawul ɗin, yana kallon tirela, sai hannayen garma suka ɗaga sama, tirela ko motsi ba ta yi ba. Dattawan da suka taru kallo suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi ta dariya har da tari. Na gyara, na ƙara mai, na ce ya sake ja. Tiyon ya motsa ya yi tauri, jek ya fara miƙewa, tirelar ta ɗaga kanta a hankali har takin da muka zuba na gwaji ya zube ƙasa. Yaya ya sauko ya zagaya ta, ya dawo ya dafa kafaɗata, ya ce, "Allah shi yi maka albarka, Auta."

Kafin in koma Safana na nuna masa yadda zai sauke tirela ya saki ƙarfin mai kafin ya cire tiyo, da yadda zai rufe bakin jonin da tsumma. Ya kiyaye duka. A shekarar gonakinsa sun sha taki, geronsa ya yi kyau har masu wucewa kan tsaya kallo. Ya kwaso wa maƙwabta nasu takin, ya kwaso ƙasar gini ta masallaci. Ban taɓa ganinsa cikin walwala irin ta wannan lokaci ba.

Da wata bazarar ta zagayo, tiyon ya riga ya daɗe yana gogar ƙarfen da ke jan tirela, ta ƙasa inda ido ba ya gani. Wata safiya a gona yaya ya ja liba, tirelar ta ɗaga rabi ta tsaya. Ya ga mai yana ɗiga amma bai ga inda yake fitowa ba. Sai ya bar injin yana aiki, ya sauko ya bi tiyon yana shafawa da hannun dama, yadda mutum ke laluben fanca. Daga baya ya ce mini ji ya yi kamar rina ta harbe shi a tafin hannu. Ya duba, ɗan ɗigo ne kawai kamar sukar ƙaya, ko jini bai fito ba. Ya goge a jikin riga, ya ɗauki shebur ya sauke takinsa, ya koma gida.

Hannun ya kumbura. Aka ɗauka ko wani ƙwaro ne, aka shafa magani, aka gasa da ruwan ɗumi. Shi kuma ya hana a gaya mini, wai kada a tayar da ni daga aiki saboda ƙurji. Sai da matarsa ta ga yatsun sun fara yin baƙi, sannan ta aika a ɓoye.

Na same shi a zaure ya jingina da bango, ya ɗora hannun a kan matashi, zazzaɓi ya rufe shi. Ya ce, "Wa ya gaya maka? Ba komi ba ne, Auta. Tiyonka ne ya huje, ka duba mini shi kafin ka koma."

Na ce, "Yaya, tashi za ka yi mu tafi Katsina."

Na ɗauko a-kori-kura muka shimfiɗa masa katifa a baya. Hanyar a lokacin ba ta da kyau, duk ramin da muka faɗa sai ya runtse ido ya ce, "Ya Salamu." A asibiti likitan ya tambaye ni abin da ya faru, na ba shi labari. Ya ce man da ke fita ta ƙaramar huda da irin wannan ƙarfi yakan ratsa fata kamar allura, ya bazu a cikin nama ya kashe shi. A wancan zamani ko a cikin makanikai ban taɓa jin wanda ya san haka ba. Ya ce idan ana so a ceci ransa sai an yanke hannun, ƙasa da gwiwar hannu kaɗan.

Ni na shiga na gaya masa. Ya daɗe yana kallon rufin ɗakin, sannan ya ce, "Na dama ne fa." Na ce na sani. Ya ce, "To. Wanda ya ba ni shi ne ya karɓa. Ka ce su yi."

Ya warke, muka dawo gida ana tsakiyar shuka. Na canja tiyon, na naɗe sabon da roba, na ɗaure shi nesa da ƙarfen. Ya gwada tuƙi da hagu, amma libobin duk a dama suke, ya sauko bai sake hawa ba. Mijin babbar 'yarsa ne ya ci gaba da aiki da ita har ta tsufa, kayan gyara suka yi wuyar samu, aka jingine ta a bayan gida.

Abin da ya fi damunsa ba taraktar ba ce. A garinmu maza kan fito da kwanukansu ƙofar gida su ci tare bayan magariba, kuma yaya ne ke zama a tsakiya tun rasuwar mahaifinmu. Ya daina fitowa. Kunyar sa hannun hagu a kwano a gaban mutane yake ji, duk da liman da kansa ya zo ya gaya masa lalura ce, babu laifi. Idan baƙo ya miƙo masa hannu sai ya sunkuyar da kai ya dafa ƙirji. Matarsa ke zuba masa ruwan alwala.

Na riƙa zuwa duk Juma'a. Nakan ce a kawo mana tuwo cikin ɗakinsa, mu biyu, kwano ɗaya. Da farko yakan ce ya ƙoshi, ya zauna yana kallona. Wata rana na ƙi ci ni ma, muka zauna har miyar ta huce. Sai ya ce, "Kai dai tun kana yaro kake da taurin kai." Ya jawo kwanon da hagunsa ya yanki loma. Muka ci, ba wanda ya kalli wani.

Ya rayu shekaru bayan haka. Ya koma kiwon tumaki da kaji a cikin gida, jikokinsa suna yi masa ɗaurin igiya. Ciwon ƙirji ne ya yi ajalinsa, da kaka, ana tsakiyar yankan gero. Ni da liman muka yi masa wanka, aka kai shi kusa da mahaifinmu. Da aka share makoki na koma Safana na buɗe gareji, don akwai motocin mutane da na bari a kwance.