Famfon Baƙin Mai na Rufa'i Direba

Shekara goma sha ɗaya Rufa'i ya yi yana tuƙa motocin mutane kafin ya riƙe makullin tasa. Da ɗaurin kaya ya fara a tashar Tudun Wada, ya yi yaron mota, ya yi direban wani mai fataucin hatsi da ke ƙirga masa har lokacin cin abinci. A shekarar 1986 ya sayi wata tsohuwar Fijo a-kori-kura wadda ta riga ta sha duniya, ya dawo da ita Tiga inda aka haife shi. Tumatir da busasshen kifi yake kaiwa Doguwa, ya dawo da masara.

Ranar da ya shigo da motar cikin dangar gidansa, ya dafa ta ya dubi matarsa Asibi.

"Ni da 'ranka ya daɗe ga makulli' mun rabu ke nan."

"Allah ya sa, Maigida."

Ya san abin da maganar ta rataya a kai. Inji ne. In ya buga, ba shi da halin wani, sai komawa tuƙa ta mutane. Don haka bai yarda kowa ya yi masa juyen mai ba. Shi ke shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi, ya kwance notin tukunyar mai, tsohon baƙin mai ya tsiyaye, ya mayar ya zuba sabo.

Notin nan kuwa shi ne ciwon kansa. Masu motar na farko sun ɗaure shi da ƙarfin tsiya har haƙoransa sun cinye. In ya matse ya zarce, in ya sassauta ya yi ɗigo. Ya naɗa masa zare, ya naɗa roba. Wata rana notin ya suɓuce masa da zafinsa, mai ya wanke masa hannu tun daga wuyan hannu har gwiwa. Tabon yana nan har ya tsufa.

Yana jinyar hannun ne abokinsa Shitu, mai gyaran famfo a wajen ma'aikatan ruwa na madatsar Tiga, ya zo duba shi.

"Kai fa ka cika son wahala," in ji Shitu. "Mu ruwan da ke cika tafki muke tsarewa da ɗan makunni kamar yatsa. Kai ɗan galan guda ya gagare ka?"

Rufa'i ya tashi zaune. "Maimaita."

Mako na zagayowa Shitu ya sayo wani ɗan guntun famfon tagulla a Kano, irin wanda ake juya wa hannu sau ɗaya ya buɗe. Suka kai wa mai walda ya zaunar da shi a gurbin notin, ya yi masa garkuwar ƙarfe don duwatsun hanya. Shi ke nan juye ya zama wasa. Ba sifana, ba ƙuna. A juya hannu mai ya zubo, a mayar ya ɗauke ƙaf.

Direbobi suka samu abin yi. Ɗanasabe bakanike na Kwanar Ɗangora shi ya fi kowa.

"Ga mai gidan wanka nan! Rufa'i, buɗe mana mu yi alwala mana."

"Ka dai ji haushi an rage maka ciniki."

"Ciniki? Ai kai ne babban cinikina, ina nan zaune za a jawo min kai da igiya."

To, a ƙasar nan tsohon baƙin mai ba abin zubarwa ba ne. Masu gini na shafa wa azara saboda gara, makiyaya na shafa wa shanu masu kirci da kaska. Kuma ba a sayar da shi, kamar garwashin wuta yake, wanda ya zo da gwangwani a tsam masa. Duk juyen da Rufa'i ya yi, kafin la'asar an rabe man tas, Asibi ce ma ke rabon.

Wata biyu da ɗaura famfo, sai mai ya fara ɓacewa. Ya zaro geji, sandar nan ta auna mai, ya ga ya sauka. Ya ƙara. Bayan kwana uku ya sake sauka. Ya leƙa ƙarƙashi, ƙasa a bushe. Ya duba hayaƙin salansa, fari ƙal babu shuɗi.

Wata ranar kasuwar Doguwa ya yi sammako, gaggawar lodin tumatir ta hana shi duba geji. Yana tsakiyar dajin Falgore jar wutar mai ta kama a gabansa. Bai ƙara ko taku ɗaya ba, ya kashe motar ya gangara gefe. Ya zaro geji, a bushe kamar ƙashi. Nan ya zauna a kan dutse rana na dukan kwandunan tumatir, masu kaya na ta ƙorafi.

"Direba, ka lallaɓa mana ko zuwa bakin daji ne."

"Baba, ko taka ce zan kashe ba zan tayar ba, balle tawa."

Sai bayan azahar wani mai gingimari ya tsaya ya taimaka masa da galan guda. Da ya tayar, ya kasa kunne kamar mai sauraron numfashin majinyaci. Injin bai yi ƙara ba, amma ya san da ƙyar aka sha.

Da ya kai wa Ɗanasabe labari, bakaniken bai yi dariya ba wannan karon. "Aboki, gaskiya zan gaya maka. Ko famfon nan na yoyo in kana gudu, ko injin ya fara shan mai. Ka cire wannan shirmen, in kuwa ba shi ba ne, ka sayar da ita tun tana motsi. Alhajinka na dā mai fataucin hatsi ma yana neman direba."

"Yoyo ba ya barin tukunya a bushe, ka duba da idonka. Inji mai shan mai kuma ba ya ɓoye hayaƙi. Man nan wani wuri yake zuwa, kuma sai na ga wurin."

Ya koma gida ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya ajiye mota ana tsakiyar kakar tumatir. Ya cika mai daidai layi, ya shimfiɗa takardar siminti a ƙarƙashi. Ranar farko babu ko ɗigo. Rana ta biyu haka. Masu kaya suna ta sallama yana ba su haƙuri, wasu suka koma wa wata motar. A rana ta uku ya tafi sallar azahar, ya tsaya gaisawa da liman, ya dawo.

Yana shigowa danga ya ga ƙafafu biyu masu lalle sun leƙo daga ƙarƙashin motarsa. A gefe ga Barakatu, Bafulatanar da ke kawo musu nono daga rugar bayan tafki, ta sauke ƙwaryarta ta tsuguna tana ba da umarni.

"Cika shi, ƙawata, bijimin nan kircinsa ya kai har doro."

"Asibi!"

Ta fito da baya da baya, gwangwanin madara cike a hannunta, ko a jikinta.

"Sannu da dawowa, Maigida. Na ɗage maka takardarka kar ta ɓaci, yanzu zan mayar."

Rufa'i ya dubi gwangwanin. "Tun yaushe kike wannan?"

"Tun da ka sa famfo mana. Dā sai mutane su yi ta jiran ranar juye. Yanzu kuwa ga abu a kusa, in ce wa Barakatu babu? Na ga kullum kana ƙarawa, na ce ai kamar randa ne."

"Wanda ke ciki ai shi ne ran motar! Shi take aiki da shi!"

"To ai baƙi ne wuluk. Ba baƙin kake bayarwa ba?"

Barakatu ta gyara zama. "Kai Kaɗo, kar ka cinye min ƙawa. Mu saniya in an tatse ta da safe, da yamma ta kawo wani. Taka ce ba ta da albarka."

Dariya ta ƙwace masa ba da sonsa ba, har ya dafa ƙofar motar. Sai kuma ya ga idon Asibi ya kawo ruwa, don yanzu ta gane abin da ya zaunar da shi a Falgore.

"Da na kashe maka ita ke nan?"

"Saura ƙiris. Amma laifina ne, na nuna miki yadda ake buɗewa ban gaya miki abin da ke ciki ba. Miƙo gwangwanin." Ya duba, ya miƙa wa Barakatu. "Wannan ya riga ya fito, kai wa bijiminki. Daga shi kuma an rufe."

A yammacin nan ya huda hannun famfon, ya zura waya ya ɗaure shi da jikin garkuwa, yadda sai da filaya za a kwance. Ya samo garwa mai murfi ya ajiye wa Asibi a bakin madafa, duk juyen da ya yi a nan yake zubawa, ita ke da iko da ita.

Da safe ya zaro geji, mai na nan daidai layi. Ya ɗauki lodin Doguwa. A Kwanar Ɗangora ya rage gudu, Ɗanasabe ya taso yana goge hannu.

"Yaya, an cire?"

"Yana nan daram."

"To wa ke shan man?"

"Shanu," in ji Rufa'i, ya sa giya ya wuce.

Shekara tara ya ƙara yi da wannan injin ba a buɗe shi ba, kuma bai sake tuƙa motar kowa ba.